Shekarar Da Na Cire Sunan Baba

'Ya'yana, akwai wata magana da kuka taso kuna ji a gidan nan, har kun fara faɗa wa naku 'ya'yan, cewa sunan kakanku Malam Ummaru Baduku yana cikin wata mujallar Turawa ta masu ƙera kayan asibiti. Na sha jin kuna faɗa a gaban baƙi, ina zaune, ban taɓa cewa komai ba. Yanzu ƙafafuna sun yi nauyi, idona ya fara gajiya da takarda, kuma duk waɗanda suka san yadda aka yi sun riga ni tafiya. To, ku ji daga bakina. Sunansa ba ya ciki. Ya taɓa shiga, ni na buga shi da yatsuna, ni kuma na cire shi.

A tsohon garin Maradun aka haife ni, wanda yanzu ruwan dam ɗin Bakolori ya kwanta a kansa. Gidanmu yana can gefen gari ta wajen gulbi, saboda aikin fata yana son ruwa kusa. Baba shi yake jeme fatarsa da kansa, shi yake ɗinka ta. Tun daga bakin zaure za ka ji warin bagaruwa da ya jiƙa a kwatarniya, warin da a lokacin nake jin kunyarsa a jikin tufafina, yau kuwa da zan same shi da na sa hanci na yi ta shaƙa. Fatun daga wajen 'yan'uwan Inna suke zuwa, don danginta duk rundawa ne, wato mahauta, da masu fataucin shanu a Talata Mafara. Sunan mahaifiyarsa Rabi aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce Uwata. Shi ya tsaya aka sa ni boko lokacin da maƙwabta suke ta surutu, shi kuma ya yarda aka kai ni Gusau na koyi buga tafireta. Da aka fara aikin dam, Mafara ta cika da manyan motoci da baƙin fuskoki, sai na sami aiki a ofishin wani ƙaramin asibiti da ake duba leburori. Na zauna a gidan Kawu Isa, ƙanen Inna, ranar Juma'a in na tashi aiki in hau mota in tafi gida.

Kawu Isa ƙafa ɗaya gare shi. Wani bijimi ne ya matse masa ƙwauri a jikin mota ana lodi, ciwon ya ruɓe, aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. An ba shi ƙafar asibiti mai kofin roba inda dungun yake shiga, amma da zafi ya shigo sai gumi ya taru a ciki, fatar ta saluɓe, ya koma ƙurji. Ya rataye ƙafar a bango ya koma dogara sanda, mutumin da a da yake kora shanu a ƙasa daga Jangebe har Mafara. Baba ya je gaishe shi, ya daɗe yana juya ƙafar nan a hannunsa. Sai ya sa aka kwaɓo masa yumɓu ya ɗauki siffar dungun. Ya koma gida ya jiƙa ƙirgin saniya, ya ja shi a kan siffar har ya bushe a kanta, ya huhhuda shi don iska ta riƙa shiga, ya shimfiɗa fatar akuya mai laushi daga ciki, ya sa masa igiya ta gaba yadda mutum zai sassauta in ƙafa ta kumbura da rana, ya ƙara ɗaurewa in ta saɓe. Shi dai kube yake ce masa, kamar na wuƙa. Kafin damina ta faɗi Kawu ya koma kara, kasuwar shanu.

A karar ne Injiniya Haliru ya gan shi, wata Talata, yana tare wani maraƙi da ya tsinke. Injiniya Haliru shi ne mai gyaran injunan asibitinmu, mutum ne dogo marar hayaniya, ya yi karatu a ƙasar waje a kan kayan da ake haɗa wa jikin majinyaci. Washegari ya shigo ofis ya tsaya a gaban teburina. Bayan mun gama gaisawa ya ce,

"Malama Rabi, ashe ke ɗiyar mai kuben nan ce, kina zaune kusa da ni ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Ranka ya daɗe, ai aikin dukanci ne kawai."

"Kawai? Na ga inda manyan malamai suka shekara suna neman abin da zai hana dungu gumi. Ki roƙa mini izini, ina son in je in gaishe shi."

Ya je, ba sau ɗaya ba. Yakan hau babur ɗinsa ya tafi Maradun, ya cire takalmi a bakin zaure, ya zauna a tabarma da tsinken awo da littafi. Da farko Baba yana ɗari-ɗari da shi, daga baya har yakan aiko ni in tambaya ko lafiya in ya kwana biyu bai zo ba. Injiniya ya kawo masa wani manomi daga Bakura, da wata mata daga Tsibiri, da wasu leburori, Baba ya yi wa kowa nasa kuben. Shi kuma yana bin su yana duba fatar dungunsu, da bazara da damina, yana rubutawa. Da ya gama tattara abin da ya gani sai ya ce zai aika wa wata mujalla a ƙasar waje, don masu irin aikinsa a sauran ƙasashe masu zafi su amfana. Ni ce zan buga.

Nan ne na fara sanin abin da ake kira manazarta. Mujallar tana da dokokinta a buge a bangon baya, Injiniya ya yanko su ya manna mini a bango saitin idona. Duk inda ya faɗi wata magana da ya samo daga aikin wani, sai a sa 'yar ƙaramar lamba a saman kalmar ƙarshe. Tafireta ba ta da ƙananan lambobi, sai in juya abin naɗe takardar rabin juyi da hannun hagu, in riƙe, in buga lambar da na dama, in mayar. A ƙarshen rubutun kuma a jera mutanen bi da bi, ba bisa haruffan sunansu ba, sai bisa wanda aka fara ambata. Sunan dangi ne farko, sannan harufan farko na sauran sunayen ba tare da ɗigo ba. Sai sunan rubutun, sai sunan mujallar a taƙaice yadda suka yarda a taƙaita shi, sai shekara, waƙafi mai ruwa, lambar kundi, ruwa biyu, shafi. In waƙafi ya zauna inda aya ya kamata ta zauna, sai a sake shafin gaba ɗaya, ga shi kwafi uku ake yi da takardar kabon, kuskure ɗaya ya zama uku. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne in Injiniya ya tuna da wani malami a tsakiya. Shigar mutum ɗaya sai ta ture duk na bayansa, na huɗu ya koma na biyar, na biyar ya koma na shida, in bi rubutun daga farko ina canja kowace lamba. Wata rana na gaji na ce masa,

"Ranka ya daɗe, wai wa zai zauna ya karanta wannan jerin sunayen?"

Ya yi murmushi. "Ba ki taɓa jin malami a zaure yana cewa na karɓa daga malamina wane, shi kuma ya karɓa daga wane ba? To shi ne wannan. Kowa ya faɗi inda ya ɗebo, don mai shakka ya bi sawu, don kuma kada a ci haƙƙin wanda ya fara."

Daga ranar na daina ganin aikin a matsayin wahala. Kuma da muka iso inda aka fara bayanin kuben, sai ya miƙo mini wata 'yar takarda da rubutun hannunsa, ya ce wannan ne na bakwai. Na duba, sai na ga sunan Baba, da Maradun, da bayanin cewa daga bakinsa aka ji. Mutum shida ne a gabansa, duk Turawa, wasu kuma a bayansa. Na buga layin nan a hankali, harafi ɗaya-ɗaya, kamar mai tsoron kada ya fashe. Da na zare takardar sai da na fita bayan ofis na tsaya ni kaɗai na sake karantawa. A ranar ban ji kunyar warin bagaruwa ba.

Aka aika. Watanni suka wuce, bangon dam yana ta tashi, magana ta fara yawo cewa ruwa zai ci gari, masu awo suna yawo gonaki da igiya da takardu. Sai ga ambulan ta dawo. Editan ya ce sun karɓi rubutun, za su buga, amma ya zagaye lamba ta bakwai da jan biro. Dalilinsa shi ne duk abin da ke cikin manazarta dole ya zama abin da mai karatu zai iya zuwa ɗakin karatu ya nemo, maganar baki kuwa ba ta da shafi. In ana son a ambaci mutumin, sai dai a cikin rubutun a baka biyu, ko a wajen godiya, ko a sa shi cikin marubutan, kuma kowanne aka zaɓa sai ya sa hannu a takardar yarda da suka haɗo. Raina ya ɓaci, amma Injiniya sai ya buga tebur da murna.

"Ai sun yi mana gyara ne, Malama Rabi. Tun farko ni na yi kuskure. Wanda ya ƙirƙiro abu ba a ƙasa ake sa shi ba. A sama za mu sa shi, kusa da sunana, ƙarƙashin kan rubutun."

Sai dai lokaci ya ƙure. Wasiƙar ta daɗe a hanya, kuma sun ce in ba ta koma cikin watan ba sai fitowa ta gaba. A makon kuma aka kira Injiniya Sakkwato, injin hoton ƙirji ya lalace a wani asibiti. Ya danƙa mini komai. In je in karɓo hannun Baba, in sake buga shafin farko da jerin manazarta, in kai gidan waya kafin jakar Alhamis ta tashi.

Ranar Talata na nemi izini na hau mota, takardar tana cikin jakata tare da 'yar kwalin tawada ta dangwale. Ina ta shirya yadda zan faɗa masa, ina murmushi ni kaɗai. Har Juma'ar da ta wuce ba a sa rana ba, shi ya sa ban san cewa a makon ne unguwarmu take tashi ba. Tun daga bakin gari na fara cin karo da jakuna ɗauke da azara da ƙyamaren ƙofa. Gidajen da na sani tun ina rarrafe duk an kware musu kai, ana ganin cikin ɗakunan mutane daga hanya. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana zaune a kan turmi a tsakiyar hanya, ta ƙi tashi. Maza sun taru a maƙabarta suna addu'a, don ba a ɗaukar kabari a kan jaki. A gidanmu na tarar da Inna tana ɗaure tukwane cikin zane, idonta ja. Baba yana zaune a zaure a kan buzunsa, an kwashe komai a kewayensa, sai kwatarniyar jimarsa da ke binne a ƙasa tun zamanin mahaifinsa, wadda in aka ce za a tono ta fashewa za ta yi. Na durƙusa na gaishe shi.

"Uwata, kin taho? An wuni lahiya? Ya aikin? Ya mutanen Mahwara?"

"Lafiya lau, Baba. Ya muka ji da wannan tashin?"

"Sai godiya. Allah Shi yas so haka."

Da ina da hankali, da na ajiye jakata na kama wa Inna ɗauri. Amma ina da shekarun da mutum yake ganin abin da ke hannunsa ya fi na kowa girma. Na zaro takardar, na buɗe tawadar, na fara bayani da sauri, ina cewa Turawa, ina cewa mujalla, ina cewa Alhamis. Ya dubi takardar, ya dubi tawadar, sai ya janye hannunsa ya sa a ƙarƙashin riga.

"Mayar da abinga cikin jaka."

"Baba, sunanka ne za a sa a sama. Dangwalawa kawai za ka yi."

"Haka anka ce min wancan karon. Dangwalawa kawai. Na dangwala, ga gonar ubana can ruwa shina shirin sha. Ba ni ƙara sa yatsana bisa abin da ban iya karantawa."

"Ni zan karanta maka. Ni ce fa, Baba."

"Na san ke ce. Ki bari mu tare can, hankalina ya dawo jikina, ki taho mu zauna ki hwaɗa min sannu-sannu. Yau ba ni da zuciyar takarda."

Abin da ya roƙa ke nan, 'ya'yana. Bai ce ba ya so ba. Cewa ya yi in jira. Ni kuwa na tashi tsaye a kansa, abin da ban taɓa yi ba, na ce,

"Duniya ba za ta tsaya jiranka ba, Baba. Irin wannan ne ya sa kullum ake barin ku a baya."

Inna ta saki tukunyar da ke hannunta. "Rabi! Ubanki kika hwaɗa ma haka? Yau?"

Baba ya sunkuya ya ɗauki jakar wuƙaƙensa da basillarsa, ya rataya, ya naɗe buzun, ya fita ya bi bayan jakunan. Na tsaya ina kallon ƙeyarsa har ya sha kwana. Ban ɗauki ko ludayi ba a kayan gidanmu. Na koma tasha na hau motar Mafara, kuma wannan ne ganina na ƙarshe da gidan da aka haife ni.

Kada ku ce ba ni da wata hanya. Ina da ita, kuma na san ta. Wasiƙa ce ta layi huɗu, a roƙi edita ya ɗaga rubutun zuwa fitowa ta gaba, na buga irinta ba adadi. Injiniya ba zai ƙi ba, shi da ya shekara biyu yana aikin, wata uku ba za su dame shi ba. Amma fushi nake yi, kuma ƙarƙashin fushin akwai kunyar abin da na faɗa, ina son wani ya ɗauki laifin ba ni ba. Ranar Laraba da safe na zauna a gaban tafireta. Na bar shafin farko da sunan Injiniya shi kaɗai. A cikin rubutun, inda aka ambaci Baba, na sa "wani baduku na yankin". Na zo kan jerin na cire na bakwai. Na takwas ya hau gurbinsa, na tara ya zama na takwas, na bi rubutun tun daga farko ina juya rabin juyi ina gyara lambobi. Ban yi kuskure ko ɗaya ba a ranar, ko waƙafi bai kauce ba. Wanda ya karanta ba zai taɓa sanin an taɓa samun mutum a wurin ba. Alhamis na kai gidan waya.

Da Injiniya ya dawo ya tambaye ni, na ce, "Ya ce ba ya so."

"Ba ya so? To bari in je da kaina."

"Na riga na aika, ranka ya daɗe."

Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Aikinsa ne fa, Malama Rabi," ya juya ya fita. Ba a jima ba aka yi masa canjin wurin aiki zuwa nesa, bai sake haɗuwa da Baba ba.

Na yi makonni ban je gida ba, sai da Kawu Isa ya ce in ban je ba zai ɗaure ni a bayan motar shanu ya kai ni. Sabon garin yana kan tudu, ƙasa mai tsakuwa, layi-layi kamar an ja da igiya, babu inuwa. Babu bagaruwa kusa, ruwan jiƙa fata kuwa sai an yi tafiya. Baba ya rame. Yana zaune a gindin katanga ba abin da yake ɗinkawa. Na durƙusa zan ba shi haƙuri, ya tare ni tun ban buɗe baki ba, ya tambayi lafiyata da ta mutanen Mafara kamar ba abin da ya faru. Da muka ci abinci sai ya shiga ɗaki ya fito da alƙalaminsa na kara da 'yar tawadar allo.

"Uwata, ina takardar nan taki? Na yi tunani. Yaron nan Haliru mutumin kirki ne, ba shi cuta ta. Amma ba ni dangwale kamar wanda bai je makaranta ba. Da ajami za ni rubuta sunana, su Turawan su nemi mai karanta musu."

Ya yi dariya, dariyar farko da Inna ta ce ta ji daga bakinsa tun tashinsu. Har ya gwada rubutun a bayan wata 'yar fata don hannunsa ya saba. Na dubi alƙalamin nan a hannunsa. Gaskiya tana bakina, na ji ɗacinta, amma na kasa fitar da ita.

"Ai an riga an sa, Baba. Sun ce ba sai ka sa hannu ba."

"To, madalla. Allah Shi yi miki albarka."

Bayan wasu watanni Injiniya ya aiko mini da kwafin rubutun ta gidan waya, an buga shi fes a takarda mai sheƙi. Na so in ɓoye, amma Kawu ya gani ya riga ni kai labari. Dole na kai. Baba ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ya ga zanen kubensa, ya kai shi kusa da ido, ya ce mai zanen ya sa hujin igiya ya yi kusa da baki, in aka yi haka fatar za ta yage. Sannan ya ce in karanta masa sunayen malaman da ke ƙarshe. Na karanta, ina tuntuɓe da sunayen Turawa, yana gyaɗa kai ga kowanne kamar ana gabatar masa da baƙi.

"Wanga, ya taɓa ɗinka hwata?"

"Ban sani ba, Baba. Likita ne, ina ji."

"To ni ina nike?"

Na ɗora yatsana a kan lamba ta bakwai, a kan sunan wani mutum da ban san ko a wace ƙasa yake ba. Baba ya sa nasa yatsan kusa da nawa, ya bi layin daga dama zuwa hagu yadda ya saba karatu. Ya ce ashe sunansa yana da tsawo da boko. A makon ya nemo wata jar fatar akuya da ta rage masa, ya yi wa takardun bango da ado a gefe. Shi ne ɗinkinsa na ƙarshe. Duk baƙon da ya zo sai ya sa an ɗauko, ya buɗe, ya nuna masa layin. Daga nan maganar da kuka gada ta samo asali.

Abin da ƙaryar nan ta ci mini ba suna ba ne a takarda. Zama da ubana ta ci. Duk lokacin da na je sai ya ɗauko jar fatar nan a gaban mutane ya ce Uwata ce ta buga da hannunta, ni kuwa in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai na fara tsallake Juma'a ɗaya, na koma tsallake biyu. In Inna ta aiko, in ce aiki ya yi yawa. Na auri babanku, muka koma Bakura inda yake aikin rabon ruwa a gonakin noman rani, tafiyar ba ta kai a kira ta tafiya ba, amma sai in yi wata uku ban taka Maradun ba. Kullum ina cewa zan je in zauna in faɗa masa sannu-sannu, yadda ya roƙa tun farko. Na sha shirya maganar a mota, in na ga fuskarsa sai ta watse. Ina Bakura, da cikin babbar yayarku, aka aiko cewa ya rasu. Kafin in iso an kai shi.

Sai bayan Inna ta fita takaba muka zauna ni da ita da hantsi muna raba kayan aikinsa, wuƙaƙe da basilla da guntayen fata. Na ci karo da jar fatar nan a ƙasan jaka. Na riƙe ta, na kasa ajiyewa, kawai sai na ji bakina yana faɗa wa Inna komai, tun daga ranar Laraba har yatsan da na ɗora a kan sunan wani. Ina kuka ina jiran ta yi salati. Ta ci gaba da goge wata basilla da bakin zanenta.

"Ya sani," ta ce.

"Wa ya sani?"

"Ubanki. Tun satin da kika kawo ta. Ya kai ma malamin firamaren nan na bayanmu, wai shi koya mai yadda aka rubuta sunanai da boko, shina son shi buga bisa hwata. Malamin ya duba sama, ya duba ƙasa, ya ce babu Ummaru ko ɗaya cikin takardar."

"Me ya ce, Inna?"

"Ya dawo ya zauna nan inda kike, bai ci tuwo ba ranar. Na ce bari in aika a kira ki. Ya ce in bar ki. Ya ce ranar da kika taho da murnarki shi ya kore ki da ita, kuma kin ji kunyar ki ce mai ya makara. Ya roƙi malamin kada ya hwaɗa ma kowa. Ya ce in Uwata ta ce shina nan, to shina nan."

"Amma ya ci gaba da nuna wa mutane."

"Don ki ji daɗi in kin taho. Shi a ganinai abin da ka sa ki murna ke nan." Ta ajiye basillar, ta ɗauki wata. "Kowace Juma'a sai ya ɗauki buzunai ya koma bakin hanya inda motocin Mahwara ka tsayawa. Sai ya ce in dama miki hura in ruhe, kada ki iso da ƙishirwa."

Ta goge basillar, ta ci gaba.

"Ranar da ciwon ya kada shi ma Juma'a ce. Bai iya hita ba. Daga kwance ya ce min, kin dama ta Uwata? Na ce na dama." Inna ta dubi ƙofar ɗakin. "Har la'asar tana nan a ruhe."